Darasi Na Shida: Yadda Ƙuli-ƙulin Gida Yake Zama Kayan Kanti

Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa sana'a ce da ta daɗe a hannun matanmu. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama babbar hajar da ake fitarwa waje, har aka riƙa jera buhunanta ana yin dalar gyaɗa. Dalar ta tafi, amma sana'ar tana nan a cikin gidaje. Tambayar wannan darasi ita ce: me ya sa ƙuli-ƙulin wata yake shiga kanti a cikin leda mai suna, na wata kuma, wanda watakila ya fi daɗi, bai wuce farantin talla ba?

Amsar ita ce awo da rubutu. Mai kanti yana son kayan da na yau zai zo daidai da na jiya, a girma da ɗanɗano da nauyi. Manyan masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da ke Kano ma a kan wannan ƙa'ida suke tafiya. Injinansu ne kawai suka fi namu girma.

Fara da mai saye

Kafin ki ɗora kasko a wuta, ki san wanda za ki sayar wa. Mai tsire da mai ƙilishi garin ƙuli-ƙuli suke nema, kuma da yawa suke saye. 'Yan makaranta ƙanana suke so, masu zaƙi, masu sauƙin kuɗi. Matafiyi yana son wanda zai daɗe a jaka bai yi laushi ba. Waɗannan kaya uku ne daban, ko da yake daga tunkuza ɗaya suka fito. Ki zaɓi ɗaya ki fara da shi.

Sai ki yi samfuri. Ki kwaɓa kaɗan iri biyu, ɗaya da gishiri da yaji, ɗaya da sukari da citta, ki ba mutanen da ba 'yan gidanku ba su ɗanɗana. 'Yan'uwa sukan ce ya yi daɗi don kada ranki ya ɓaci. Ki tambayi baƙo: ya yi tauri? Gishirin ya ji? Nawa za ka iya biya? Wanda aka fi so, nan take ki rubuta yadda kika haɗa shi: mudu nawa na gyaɗa, cokali nawa na gishiri, minti nawa a cikin mai. Wannan takarda ita ce gadon sana'arki. Ranar da ba ki da lafiya, 'yarki za ta karanta ta yi, mai saye kuma ba zai ga bambanci ba.

Zaɓen gyaɗa

A nan za mu ɗan daɗe, domin a nan lafiyar mutane take. Gyaɗar da aka adana da danshi takan yi funfuna, funfunar kuma tana haifar da wata guba da ake kira afulatoksin. Wannan guba tana lalata hanta, tana da hannu a ciwon dajin hanta, tana kuma tauye girman yara. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne suya ba ta kawar da ita. Kada wani ya ce miki wuta za ta kashe komai. Kuma bayan an matse mai, gubar ta fi zama a cikin tunkuza, wato abin da za a yi ƙuli-ƙulin da shi, wanda yara suka fi ci.

Don haka ki shimfiɗa gyaɗar a faifai ko tabarma a cikin haske, ki tsince duk wadda ta yi baƙi, ko kore-kore, ko ta yamushe, ko ƙwaro ya huda. Ki zubar, kada ki ba kaji ko awaki. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Na san mace tana jin zafin zubar da abin da ta sa kuɗinta ta saya, amma asarar ƙoƙo ɗaya ba ta kai ciwon yaro ba. Buhunan da suka rage a ɗora su a kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo.

Iri ma yana da tasiri. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da ingantattun irin gyaɗa masu suna SAMNUT, wasunsu na nuna da wuri, suna da mai sosai. In kin sami manomi ko ɗan kasuwa mai kawo iri ɗaya mai kyau, ki riƙe shi. Sauya gyaɗa kowane mako yana sauya yawan man da za ki samu.

Aikin kansa

Matakan kun san su: a soya gyaɗa sama-sama, a murje jan ɓawon, a sheƙe, a kai inji a niƙa, a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso, a kwashe man, a mulmula tunkuzar, a soya. Abin da za a ƙara shi ne tsari. Wuta ta zama iri ɗaya, domin gyaɗar da ta ƙone takan sa ɗaci, man ya yi duhu. Mulmule ya zama girma ɗaya, ki yi amfani da cokali ɗaya ko ƙaramin sikeli. A wanke hannu, a ɗaure kai, a hana kaji da yara shiga wurin. Ƙuli-ƙuli ya huce sarai kafin a ƙulla, in ba haka ba gumi zai taru a ledar ya yi laushi. Man kuwa a bar shi ya kwanta, a tace, a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba ta wankuwa.

Kowane zubi ki ba shi lamba da kwanan wata a littafinki. In mai kanti ya dawo da kaya, lambar za ta nuna miki ranar da aka yi su da buhun da aka ɗeba.

Lissafi

Ga misali kawai, farashin garinku zai bambanta. Gyaɗa ₦20,000, itace ₦1,500, niƙa ₦1,500, gishiri da kayan yaji ₦1,000, leda da kwalabe ₦2,000, kuɗin mota ₦1,000, ladan aikinki ₦3,000. Jimla ₦30,000. An sayar da mai kwalba 8 a kan ₦2,500, an sami ₦20,000. Ƙuli-ƙuli ƙulli 70 a kan ₦200, an sami ₦14,000. Ciniki ya kama ₦34,000, riba ₦4,000.

Ku lura mun sa ladan aiki a cikin abin da aka kashe. Mata da yawa ba sa ƙirga guminsu, sai su ɗauka sun ci riba alhali wahala kawai suka sha. Kuɗin cefane kuma kada ya fito daga uwar kuɗi. Wanda ya karɓi kaya bashi, a rubuta sunansa da ranar biya.

Suna da rajista

Kayan da za su shiga kanti suna bukatar takarda a jikinsu mai ɗauke da sunan kayan, sunan mai yi da adireshinta, abubuwan da aka haɗa, nauyi, lambar zubi, ranar da aka yi da ranar da zai daina amfani. Ana yi wa sunan kasuwanci rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Abinci da aka ƙulla don sayarwa kuwa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke duba wurin aiki, ta gwada kayan, ta ba da lamba. Sa lambar wani a kayanki laifi ne. Idan kuɗin rajista ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiyar mata za ta iya haɗa kai ta yi wurin aiki ɗaya da suna ɗaya, ta kuma nemi shawara a ofishin SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i.

Aikin gida

1. Rubuta alamomi uku na gyaɗar da ya kamata a zubar.
2. A misalin da ke sama, idan gyaɗa ta tashi zuwa ₦23,000, nawa ribar za ta koma?
3. Ɗauko ledar wani abin ci daga kanti, ki kwafe ranar da aka yi shi, da ranar da zai daina amfani, da lambar NAFDAC.
4. Rubuta awon abin da kike sarrafawa a gida, ki zo da shi aji mako mai zuwa mu karanta tare.