Darasi na Bakwai: Shingen Wucin Gadi Don Kora Shanu a Garke

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garke ranar da malamin dabbobi ya zo yin rigakafin ciwon huhu ya san wahalar da ake sha kafin a kama saniya ɗaya. Samari huɗu ko biyar za su bi ta da igiya, a zarge ƙaho, a ɗaure ƙafa, a kayar da ita, kuma kafin a gama da shanu ashirin rana ta take, mutane sun galabaita, maganin da aka ɗauko cikin ƙanƙara ya fara ɗumi. Wannan asara ce, domin allurar ciwon huhu, irin wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato take haɗawa, ba ta jure zafi, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta dole a yi amfani da ita ba da jimawa ba. Kayar da saniya mai tsohon ciki kuwa yana iya jawo mata ɓari.

Maganin wannan wahala shi ne shingen wucin gadi, wato shingen da ake kafawa don aikin yini ɗaya ko biyu sannan a tuge shi. Ya bambanta da shingen ƙaya da ake kewaye makwancin shanu da shi. Shi wannan aikinsa nuna wa shanu hanya, ko don allura, ko feshin kaska, ko ware maruƙa daga iyayensu, ko lodin bijimai a mota zuwa kara irin ta Wudil, Maigatari ko Potiskum.

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, ya kamata mai shanu ya fahimci yadda saniya take ganin duniya, domin a kan haka ne za a tsara shingen gaba ɗaya. Idanunta suna gefen kanta ne, saboda haka tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, in ban da abin da ke bayan wutsiyarta daidai. Amma ba ta iya gane zurfin abu da sauri. Inuwar itace da ta gitta hanya, ko ruwan da ya kwanta yana ƙyalli, a wurinta yana iya zama rami, sai ta ja ta tsaya ta sunkuyar da kai tana shinshinawa. Na taɓa ganin garke guda ya toge a bakin kwararo, wato siririyar hanyar da shanu suke bi a cikin shingen, ana ta ihu ana zuba masa sanda amma ko gezau, har sai da wani dattijo ya lura da farar rigar da wani yaro ya rataya a kan dirka, iska tana kaɗa ta. Da aka sauke rigar, saniyar gaba ta wuce salin alin, sauran suka bi ta. Don haka mai shinge ya shiga cikinsa da kansa, ya duƙa daidai tsayin kan saniya, ya duba abin da za ta gani: leda, tsumma, igiya mai lilo, kare, ko 'yan kallo a bakin mafita. Haka kuma, in da safe za a yi aikin, kada a kafa kwararo yadda shanun za su fuskanci gabas in suna shiga, domin hasken rana zai dalle musu ido.

Shingen yana da sassa uku. Akwai matara, inda ake tara shanun, sai mazurari, inda hanya take tsukewa a hankali, sannan kwararo, inda suke bin juna ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfin da kowane sashe yake buƙata ba ɗaya ba ne. Matara ba ta buƙatar wani ƙarfi, domin saniyar da ke da sarari ba ta tura shinge. Katangar gida, amalanke, darni, ko zana da aka jingina da 'yan dirkoki duk sun isa. Zana ma ta fi igiya amfani nesa ba kusa ba, saboda abin da saniya ba ta hango bayansa tana ɗaukarsa bango ne. Mutum biyu suna iya riƙe zana ɗaya, kowa da gefensa, su riƙa matsowa da ita a hankali a bayan shanu. Kwanon rufi kam a bar shi, domin ƙararsa tana firgita dabba, bakinsa kuma yana yanka.

A mazurari, gefe ɗaya ya tafi a miƙe daidai da bangon kwararo, ɗayan gefen ne kawai zai karkato. In aka karkato da duka biyun, shanu biyu za su iso bakin tare su cushe. Kada a cika wannan wuri fiye da rabi, ko da ana sauri.

Kwararo shi ne wurin da ba a yi wa rowar itace. Faɗinsa daga ciki ya zama santimita 70 zuwa 75 ga manyan shanu, wato kimanin kamu ɗaya da rabi, tsayin bangonsa kuma mita ɗaya da rabi. Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗaɗa shi don tausayi, alhali kuwa saniyar da ta ga sarari za ta yi ƙoƙarin juyawa, ta maƙale a gicciye, kuma a nan ake samun karaya. Sai dai a yi la'akari da irin shanun da ake da su. Bokoloji gajeren ƙaho gare shi, yana wucewa ba matsala, amma Bunaji, balle Rahaji mai dogon ƙaho, yana buƙatar a ɗan karkatar da dirkokin waje, ƙasa ta tsuke, sama ta buɗe, yadda ƙaho zai sami hanya ba tare da jiki ya sami wurin juyawa ba.

A samo dirkoki masu kauri na dogon yaro ko turare, a haƙa musu rami da dagi mai zurfin santimita 60 aƙalla, a daddanne ƙasar sosai, tsakanin kowace dirka da 'yar'uwarta mita ɗaya da rabi. Sandunan gicciye, uku ko huɗu a kowane gefe, a ɗaure su da igiya ta cikin kwararo, ba ta waje ba. Dalili shi ne, in saniya ta jingina, sandar za ta danne dirka ne, nauyin ba zai faɗa kan igiya ba, kuma jikinta zai goga wuri mai sumul. A sassabe kututturen reshe, kada a bar ƙusa a tsaye, waya mai ƙaya kuwa ba ta da wuri a nan ko kaɗan, domin raunin da za ta yi yana jawo ƙuda, yana kuma rage wa dabba daraja a kasuwa. A kusa da mazurari a bar 'yar kafa tsakanin dirkoki biyu, wadda mutum zai iya kutsawa a kaikaice amma saniya ba za ta iya ba, saboda ranar da bijimi zai juyo.

Idan shanu uku ko huɗu sun shiga, sai a zura sanda mai kauri a bayan ta ƙarshe, a gaban dirkoki biyu masu fuskantar juna, don kada su dawo da baya. Mai zura sandar ya tsaya a ƙarshenta, kada ya tsaya a gefenta, domin in saniya ta ja baya kafin sandar ta kama ɗaya dirkar, za ta make shi a ciki ko a haƙarƙari.

Korar ita kanta ba ta son hayaniya. Kafaɗar saniya ita ce ma'auni: wanda ya tsaya bayan kafaɗarta ya tura ta gaba, wanda ya tsaya gaban kafaɗarta ya mayar da ita baya. Saboda haka mai tsayawa kusa da kanta yana dukan gadon bayanta umarni biyu masu karo da juna yake ba ta. A fara da saniya mai sanyin hali wadda ta saba da kiran makiyayi. Wanda ya kafa shingensa tun jajibiri, ya bar shanun suka ratsa shi a buɗe, da ɗan dusa ko kanwa a bakin mafita, zai ga bambanci washegari. Bijimi mai tunkuyi da saniya mai sabon jego a bi da su daban. Wadda take tari ko numfashi da ƙyar kada ma ta shiga matara, musamman in maƙwabta sun haɗa garkensu don aikin, domin ciwon huhu ta numfashi yake yaɗuwa.

In lodi za a yi, a jawo bayan motar zuwa gindin tudu, ko a haƙa wa tayoyin baya gurbi, har dandamalinta ya yi daidai da ƙasa, a zuba yashi don kada kofato ya zame.

Da an gama aiki a tuge dirkokin a cike ramukan a ranar, domin ramin dirka daidai ƙafar maraƙi yake. A jera itatuwan a kan duwatsu saboda gara. In shanun da suka bi ta ciki suna da boru, wato ciwon baki da kofato, kada a ba da aron itatuwan sai an wanke su da maganin da malamin dabbobi ya nuna.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya zana kwararo mai tsawon mita 6 a littafinsa, ya sa ɗigo a wurin kowace dirka, tsakaninsu mita ɗaya da rabi, ya ƙirga dirkokin gefe ɗaya har da ta farko da ta ƙarshe, ya ninka biyu. Sannan ya tambayi kuɗin dirka ɗaya a kasuwar garinsu, ya rubuta jimillar, ya zo da ita aji.