Darasi na 9: Yadda Aka Zaɓi Wurin Sauka a Duniyar Wata

Tsakanin 1969 da 1972, kumbunan Apollo na Amurka sun sauke mutane a duniyar Wata har sau shida. Ba da ka aka zaɓi wuraren ba. Tun 1965 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kafa kwamiti don wannan aiki, kuma babban abin da ke gabansa shi ne mutanen su dawo da ransu. Binciken kimiyya sai daga baya.

An fara da leƙe. A 1966 da 1967 kumbo biyar marasa matuƙi, masu suna Lunar Orbiter, suka yi ta kewaya Wata suna ɗaukar hoto. Wasu biyar masu suna Surveyor suka sauka lafiya, aka tabbata ƙasar za ta ɗauki nauyin kumbo, ba zai nutse cikin ƙura ba. A 1968 aka tace wurare 30, aka bar 5.

Dole wurin ya zama a fuskar Wata da ke kallonmu, domin saƙon rediyo ba ya kaiwa bayansa. A tafiye-tafiyen farko, dole kuma ya kusanci tsakiyar Wata, kada ya wuce digiri 5 arewa ko kudu. Hakan yana rage shan mai, kuma idan inji ya ƙi tashi a hanya, kumbon zai kewaye Wata ya komo gida da kansa. Gangaren ƙasar kada ya kai digiri 2.

Sharaɗin da ya fi wuya shi ne haske. Ka ajiye tsakuwa a tsakar gida, ka ja baya ka duba. Da rana tsaka da ƙyar za ka gan ta. Da hantsi kuwa inuwarta za ta nuna maka ita daga nesa. A Wata babu itace, babu gini. Da inuwa kaɗai matuƙi ke gane rami da dutse. Saboda haka ana so rana ta kasance a bayansa, ta ɗaga tsakanin digiri 5 da 14. In ba ta kai haka ba, dogayen inuwoyi sun rufe fili. In ta wuce, komai ya baje ya yi fari fat. To, a can rana tana ɗagawa kimanin rabin digiri ne a awa guda, wato kowane wuri ba ya cika kwana ɗaya yana da amfani a cikin wata guda. Shi ya sa aka jera wuraren daga gabas zuwa yamma: in tashin kumbo ya yi jinkirin kwana biyu, sai a nufi na yamma, inda gari bai riga ya waye ba.

Duk da wannan shiri, ran 20 ga Yuli 1969 kumbon Apollo 11 ya zarce inda aka nufa da kilomita 6 zuwa 7, kwamfutarsa ta doshi bakin wani rami mai manyan duwatsu. Neil Armstrong, jagoran tafiyar, ya karɓi tuƙi, ya tsallake, ya sauka mai na gab da ƙarewa.

A Nuwamba aka gyara lissafi, Apollo 12 ya sauka ƙasa da mita 200 daga tsohon Surveyor 3. Daga nan masana duwatsu suka sami bakin magana, aka shiga zuwa wurare masu tuddai. Hoto dai yana yaudara: an zaɓi yankin Descartes don Apollo 16 a 1972 bisa zaton dutsen aman wuta ne, amma da aka je, sai aka tarar da ɓaraguzan da faɗowar duwatsun sama ta farfasa ta kuma manne.