Yadda Ake Cin Moriyar Kyamara Mai Dogon Zum

Duk wanda ya fara riƙe kyamara mai dogon zum, abin da yake fara yi shi ne ya ja zum ɗin har ƙarshe, ya saita hasumiyar masallaci ko tsuntsun da ke kan falwaya, ya danna. A ɗan allon kyamarar hoton zai fito tsaf. Sai an buɗe shi a kwamfuta a tarar ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa mai, nan take a ce kyamarar jabu ce. Galibi lafiyarta ƙalau. Dogon zum abu biyu yake bukata, haske da hannun da ba ya rawa, kuma kusan duk saitin da za a yi bayani a nan hanya ce ta samar masa waɗannan biyun.

Dalilin yana cikin ƙirar kyamarar. Irin su Canon PowerShot SX530 HS, Nikon Coolpix B500 da P900, Panasonic Lumix FZ80 da Sony H300 duk sensa iri ɗaya suke ɗauke da ita, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, wadda faɗinta kusan milimita 6.2 ne, tsayinta 4.6, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ƙanƙantar nan ce ta sa aka iya cusa zum mai kaiwa milimita 1200 a kyamarar da za ka rataya a wuya ka wuni da ita, ita ce kuma ta sa kyamarar ba ta jure duhu. Ga wata matsalar a kai: ƙofar hasken gilashin tana tsukewa yayin da kake jan zum. A SX530 tana farawa daga f/3.4 ta ƙare a f/6.5, a FZ80 daga f/2.8 zuwa f/5.9. Ma'ana, a ƙarshen zum hasken da ke shiga ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Idan ba ka riga ka saya ba, kada lambar da aka rubuta a jikin kwali ta ruɗe ka. Zum 40x da 60x ba su da bambancin da zai canza maka aiki. Abin dubawa shi ne ko kyamarar tana da tagar leƙe da ake manna ido a kai, da kuma haruffan P, S, A, M, waɗanda ke ba ka damar zaɓar saituna da kanka, a kan maɓallin sama da ake murɗawa; Canon na rubuta Tv da Av a madadin S da A. FZ80 da P900 suna da duka biyun. SX530 na da haruffan amma babu tagar leƙe. B500 ba ta da ko ɗaya, sai dai tana cin batir huɗu irin na AA, abin da ke da daɗi ga mai aiki a ƙauyen da babu wuta. Tagar leƙe ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato: a tsakar rana allon baya ba ya ganuwa, kuma manna kyamara a goshi kaɗai yana rage rawar hannu sosai.

Mai sayen ta hannu ya gwada ta a gaban mai shago. Ja zum ya fita ya koma sau biyar, kana saurare. Ƙarar gurzawa ko tsayawa a tsakiya alama ce ta yashi a cikin bututun gilashin. Ɗauki hoton farar takarda ko sararin sama a f/8, ka faɗaɗa shi; ɗigon duhu da ke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa, kuma a irin wannan kyamarar gilashin ba ya cirewa, sai an warware ta gaba ɗaya kafin a share. Haska tocila cikin gilashin ka duba ko akwai farin abu mai kama da saƙar gizo, wato fumfuna. Sannan ka buɗe gidan batir ka ga ko ruwan batir ya ci ƙarfen.

Kafin hoton farko, shiga jerin saituna ka gyara 'yan abubuwa. Kashe Digital Zoom, domin ba ya janyo komai, yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya buɗa shi. Tabbatar na'urar hana rawa tana kunne; Canon na kiranta IS, Nikon VR, Panasonic kuma O.I.S. Sa girman hoto a mafi girma, ingancinsa a Fine. Idan akwai wurin iyakance ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske a duhu, tsayar da shi a 800, domin daga nan sama hoton kan cika da tsaki-tsaki, fatar mutum ta koma kamar fenti. Mayar da wurin saiti zuwa ɗigo ɗaya a tsakiya, in ba haka ba kyamarar za ta kama reshen da ke gaba ta bar tsuntsun. Gyara kwanan wata da lokaci. Ga mai kai rahoton aiki, wannan bayanin da ke ɓoye cikin hoton shi ne shaidar ranar da ya je wurin.

Sai batun saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, wanda shi ne zuciyar lamarin. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kada saurin ya gaza ɗaya bisa tsawon zum: a milimita 500, 1/500 na daƙiƙa, a milimita 1200 kuma kusan 1/1250. Na'urar hana rawa tana sassauta wannan, har mai tsayayyen hannu ya iya samun hoto mai kyau a 1/250 a ƙarshen zum. Amma rawar hannunka kawai take gyarawa, ba ta tsayar da abin da ke motsi. Mutum a tsaye yana son 1/125, mai tafiya 1/250, yara masu guje-guje 1/500. Dokin da ya zaburo a Hawan Daushe ko ɗan ƙwallo a fili, kada ka sauka ƙasa da 1/1000. Murɗa maɓallin zuwa S ko Tv, zaɓi saurin, bar ISO ya daidaita kansa. Kyamarar da ba ta da S, sa ta a yanayin wasanni, mai alamar ɗan gudu, ita ma za ta ɗaga saurin.

Tsayuwa ma aiki ce. Hannun hagu a ƙarƙashin gilashin yana tallafe da shi, gwiwar hannu biyu manne da haƙarƙari, ƙafa ɗaya ta ɗan shige gaba. Danna maɓallin rabi, jira kyamarar ta yi ƙara ko akwatin ya koma kore, saki numfashi, sannan ka ƙarasa dannawa a hankali, ba dangwala ba. In akwai bango, bishiya ko rufin mota, jingina. Ɗan buhun wake ko shinkafa da aka ɗora a tagar mota yana riƙe kyamara fiye da mariƙi mai ƙafa uku na roba da iska ke kaɗawa. Kunna ɗauka a jere, ka ɗauki uku zuwa biyar a danna ɗaya. Yawanci na biyu ko na uku ne ya fi fitowa, domin na farko ya kwashi girgizar yatsa. Idan kuwa a kan mariƙi ka ɗora ta, kashe na'urar hana rawa, ka sa lokacin jira na daƙiƙa 2.

A ƙarshen zum abin da kake bi yana ɓacewa da ɗan motsi kaɗan. Kada ka tsaya lalube. Canon na da maɓalli a gefen gilashi da ke ja da zum baya muddin kana danne da shi, ka gano abin, ka saki ya koma inda yake; Nikon ma na da irinsa. In babu, fara daga faɗi, sa abin a tsakiya, sannan ka janyo.

Akwai iyakar da babu saitin da ke ƙetare ta, ita ce iskar da ke tsakaninka da abin. Da hunturu hazo yana shanye launi, abin da ke nesa ya fito fari-fari. A bazara kuma, daga hantsi zuwa la'asar, zafin da ke tashi daga kwalta da rufin kwano yana sa layuka su yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Maganin shi ne ɗaukar hoton nesa da sassafe, ko bayan an ɗauke ruwan sama, rana tana bayanka. Kuma duk inda ƙafa za ta iya kai ka, taka. Hoton mita 20 a rabin zum ya fi na mita 60 a cikakken zum, kowane lokaci.

A wurin aiki ne wannan kyamarar ke biyan kuɗinta. Mai duba gini yana ganin tsagar da ke bene na uku ba tare da tsani ba, mai sola yana karanta lambar da ke jikin allon da ke kan rufi, ma'aikacin lantarki yana ganin wayar da ta ƙone a kan falwaya daga inda babu haɗari. Ka riƙa ɗaukar kowane abu kashi uku: na faɗi da ke nuna ginin gaba ɗaya, na tsakiya da ke nuna ɓangaren, sannan na kusa da ke nuna tsagar. Hoton kusa shi kaɗai ba ya gaya wa kowa inda matsalar take. Abin da ke sama yakan fito baƙi saboda hasken sararin da ke bayansa. Danna maɓalli mai alamar +/- ka ƙara +1. Haka ma farar babbar riga a rana: kyamarar za ta rage haske don ta kare rigar, fuska ta nutse cikin duhu. Ƙara +0.7, ko ka kai mutumin inuwa, abin da ya fi.

Hoton mutum kada a ɗauke shi da faɗin zum daga kusa, hanci zai kumbura, kunnuwa su shige. Ja baya kamar taku biyar ko shida, janyo zum zuwa tsakanin milimita 100 da 200, ka nisanta mutumin daga bangon da ke bayansa. Ta haka ne kawai ƙaramar sensa ke narkar da baya ta fito da fuska. Mai sayar da atamfa, takalma ko turare ma haka zai yi: kayan a kan farin kwali kusa da ƙofa ko taga, filasha a kashe, kyamara nesa da kamar mita ɗaya da rabi, zum kaɗan don kada siffar kwalba ta karkace. Idan launin yadi ya ƙi fitowa daidai, shiga White Balance ka zaɓi na gwaji, ka nuna wa kyamarar farar takarda a cikin hasken da kake aiki da shi. Don saƙar zare ko cutar da ke jikin ganyen masara, kunna alamar fure. A faɗin zum wasu na kama abu daga santimita 1, amma a ƙarshen zum sai ka ba da tazarar mita ɗaya da rabi ko fiye, in ba haka ba saitin zai yi ta kai-komo ya ƙi kamawa. Ƙofar haske kuwa bar ta tsakanin f/4 da f/5.6, a irin wannan sensa f/8 tausasa hoto take yi.

Cikin ɗaki da dare nan ne rauninta yake, gara a faɗa tun wuri. Filashar da ke jikinta ba ta wuce 'yan mitoci, don haka janyo amarya daga ƙarshen zauren biki ɓata batir ne. Koma faɗin zum inda ƙofar haske ta fi buɗewa, matsa kusa, ka tsaya inda fitila ke haska fuskoki. Idan ratsi-ratsi na fitowa a ƙarƙashin fitilun zamani, sa saurin a 1/50 ko 1/100, domin wutarmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa. Bidiyo ma a sa shi a hotuna 25 ko 50 a daƙiƙa. Cikakken wata kuwa ba ya cikin hotunan duhu, rana ce ke haska shi: murɗa maɓallin zuwa M, ka sa ISO 100, sauri 1/250, sai ka gyara daga nan. A milimita 1200 zai cika kusan rabin tsayin hoton, har ramukansa su fito. Jinjirin wata ya fi shi rauni sosai, sai da mariƙi.

Abu guda da ya kamata a riƙe da gaske: zum yana kai ido inda ba a gayyace shi ba. Tsakar gidan mutane, mata a bakin rijiya, yaran da ba naka ba, duk sai da izini, ko da mai su bai san kana ɗauka ba. Barikin soja, shingen jami'an tsaro da filin jirgin sama kuwa, kada ma ka ɗaga kyamarar ta wajensu.

Ga kyamarar da ke cin batir AA, kamar B500, batir ɗin tocila mai araha ba ya ɗaukarta. Injin zum yana jan wuta da ƙarfi, bayan 'yan hotuna ta mutu da gilashi a waje. Nemi masu caji na NiMH, tsakanin 1900 da 2500 mAh, saiti biyu, kada ka gauraya sabo da tsoho, kuma ka cire su idan za a ajiye kyamarar fiye da mako biyu. Memori na 32GB mai alamar Class 10 ya isa hoto, bidiyon 4K kuma yana son U3. Na jabu sun yi yawa, suna nuna girman da ba su da shi, sai aiki ya yi nisa hotuna su ƙi buɗewa. Gwada sabo da manhajar H2testw kafin ka dogara da shi. Bayan kwashe hotuna, share memorin a cikin kyamarar da Format. Wajen tura wa mai aiki ta WhatsApp, aika a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto zai matse shi, lambar da ka sha wahalar janyowa ta daina karantuwa.

Ƙura ce ke kashe yawancin waɗannan kyamarori. Duk fitar gilashi da komawarsa iska yake zuƙa, tare da abin da ke cikinta. A kan babur ko a filin dawaki, ajiye ta cikin jaka sai lokacin ɗauka, kuma kafin ka kashe ta ka goge bututun da busasshen burushi mai laushi. Gilashin gaba a fara hura shi da famfon roba, sannan a goge da ƙyallen tabarau. Bakin riga mai yashi karce shi yake yi. Da damina sa ƙunshin silika, irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, a jakar, kuma in ka fito daga ɗaki mai sanyin na'ura ka bar ta a rufe kamar minti 15 kafin ka buɗe, don kada raɓa ta kwanta a ciki. Ranar da ta rubuta Lens Error gilashin ya maƙale, kada ka tura shi da hannu, haƙoran robar da ke ciki za su karye. Cire batir na minti ɗaya, sa cikakke, kifa gilashin yana kallon ƙasa, hura iska a kewayen bututun, sannan ka kunna. In ya ƙi bayan gwaji biyu ko uku, kai ta wurin mai gyara a yadda take.