Kurakuran da ke sa mutane cizon yatsa da littattafan John Grisham

Duk wanda ya zo mini da ƙorafin cewa Grisham, marubucin nan Ba'amurke mai labaran lauyoyi da kotu, ya ci masa kuɗi a banza, tambayata ɗaya ce: wanne ka karanta? Daga amsar nake gane cewa tun wurin saye aka yi tuntuɓe. Ba kare marubucin nake yi ba, yana da nasa laifin. Amma na gaji da ganin sababbin masu karatu suna faɗawa rami ɗaya.

Babban kuskure shi ne sayen suna. Mutum ya tsaya gaban mai littattafan gwanjo, ya ga GRISHAM da manyan baƙaƙe sun cinye rabin bango, sai ya zaro kuɗi ko juya littafin bai yi ba. Alhali mutumin nan tun 1991 kusan kowace shekara sai ya fitar da sabo, kuma ba duka ne na lauyoyi ba. A Painted House na 2001 labarin wani yaro ne a gonar auduga a jihar Arkansas. Bleachers da Playing for Pizza na ƙwallon Amurka ne. Jerin Theodore Boone kuwa don yara aka rubuta shi. Ni abin da nake yi, nakan buɗe shafin da ke bayan sunan littafin in duba shekarar bugun farko. In tsakanin 1989 da 1997 ne, ina biya ba ciniki mai tsawo, domin a lokacin ƙurar kotu ba ta gama barin jikinsa ba. Ya yi kusan shekara goma yana aikin lauya a Southaven ta jihar Misisipi. In na bayan 2000 ne, a tsaye zan karanta babi biyu kafin in taɓa aljihu.

Na biyu shi ne wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci: yarda da kalmar "ci gaba". A 2023 aka fitar da The Exchange, aka yi ta shela cewa Mitch McDeere na The Firm ya dawo bayan shekara 32. Sabo fil na saya, mai kwalin bango, da tsadar dala. Me ke ciki? A The Firm, matashin lauya ne da ya gama Harvard, ya shiga wani kamfanin lauyoyi a Memphis, ya gano na 'yan mafiya ne, ga hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta matsa masa lamba, gidansa da motarsa duk an dasa na'urar sauraro. Gaba kura, baya siyaki, kana karatu zuciyarka na dukan uku-uku. A sabon kuwa Mitch ya zama babban lauya a New York, an sace abokiyar aikinsa a Libiya zamanin Gaddafi, ana neman fansar dala miliyan 100. Daga nan sai hawa jirgi, sauka, taro, cin abinci a otal, a sake hawa jirgi. Ba wayon lauya, ba tarkon da ya kwance da basirarsa. Haba! Wannan mutumin da a ce sunansa aka canza, ba wanda zai ce ya taɓa saninsa. Don Allah ku daina sayen littafi saboda kewar wani littafin. In ci gaba na gaske kuke so, ku bi littattafan lauya Jake Brigance: A Time to Kill, sai Sycamore Row na 2013, sai A Time for Mercy na 2020. Gari ɗaya ne, Clanton, kotu ɗaya, kuma shari'a ake yi da gaske.

Sai masu tsallake babin zaɓen juri, wai yana da gundura. Ku ne kuma za ku dawo kuna cewa ƙarshen bai yi ma'ana ba. A kotunanmu alƙali ne ke sauraro, shi ke yanke hukunci. A Amurka kuwa juri ne, wato mutum 12 ake tsamowa daga cikin gari, manomi, malamar makaranta, mai shago, su ne za su ce an yi laifi ko ba a yi ba. A Time to Kill kacokan a kan wannan ya tsaya: baƙar fata ya harbe fararen fata biyu da suka yi wa 'yarsa mai shekara 10 fyaɗe, kuma waɗanda za su yanke masa hukunci duk farare ne. Wanda ya tsallake yadda aka zaɓo su ya zubar da naman ya sha romo. Ɗaliban lauya kuma, kada ku kwashi abin da kuka gani a nan ku kai ɗakin jarrabawa, tsarin ba ɗaya ba ne.

Kada ka fara da fim. The Runaway Jury a littafi ƙarar kamfanonin taba ce, fim ɗin 2003 ya mayar da ita ta masu ƙera bindiga, kuma ƙarshen The Firm ma an sauya shi a fim.

In ka ga The Firm siriri, bai kai shafi ɗari ba, taƙaitacce ne na masu koyon Turanci. Ajiye shi.

Kada ka jera littattafansa uku a jere. Ƙashin bayansu ɗaya ne, ƙaramin lauya da ƙaton kamfani, kuma a na uku za ka riga marubucin sanin abin da zai faru. Ni nakan sa littafin wani a tsakani.

Game da ƙarshen labari, nan laifin nasa ne, ba na mai karatu ba. The Associate na 2009 ya ja ka shafi ɗaruruwa, sannan mugun ya ɓace ba a ce maka ko wane ne ba. Wannan ban yafe ba. Amma kada a haɗa shi da The Appeal na 2008, da mutane ke zagi don azzalumi ne ya yi nasara. A Misisipi zaɓen alƙalan kotun ƙoli ake yi da ƙuri'a, sai kamfanin da aka ci tarar dala miliyan 41 ya zuba kuɗi ya ɗora nasa ɗan takarar kafin a saurari ɗaukaka ƙarar. Da gangan ya bar ka da ɗacin, don abin da yake son ka gani ke nan. Wanda ke neman labarin da gaskiya ke yin halinta a shafin ƙarshe, ya ɗauki The Rainmaker na 1995.