Yadda za ka ce wa oga a'a ba tare da hayaniya ba

Ɗan'uwa, in kai Kirista ne kana aikin ofis, wata rana oga zai turo maka fayil ya ce sa hannu, kai kuma ka ga an ƙara sifiri a kan kuɗin siminti. Kar ka bari sai biro na hannunka sannan ka fara tunani, tun a gida za ka gama magana da Ubangiji a kan gwiwa. Duba Daniyel 1:8-12, a ransa Daniyel ya ƙudura ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba, kuma bai zagi kowa ba, roƙo ya yi cikin ladabi a gwada shi da abokansa da kayan lambu da ruwa na kwana 10.

To kai ma haka. "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, wannan ba zan iya sa hannu ba." Shi ke nan, ba sai ka buɗe masa wa'azi ba, wasunmu a nan suke ɓata abin gaskiya, sai ya koma nuna kai.

Za a ce kana taƙama da tsarki, wataƙila a daina kiranka mitin ko a yi maka canjin wurin aiki, sai ka karanta Galatiyawa 1:10, wadda ke magana a kan neman yardar Allah maimakon ta mutane, in abin ya fara cin ranka. Ka samu mutum ɗaya a ikilisiya, fasto ko dattijo, wanda zai riƙa yin addu'a tare da kai yana tambayarka yaya aka ƙare. Sannan ka riƙa ajiye ɗan wani abu daga albashi, don ranar da alawus zai tsaya.