Yadda Na Tsara Tuƙi a Duwatsun Atlas na Maroko

Mu da muka tashi muna ganin Kufena na Zariya a matsayin babban dutse, ranar da na hau Tizi n'Tichka sai da kunnuwana suka toshe. Tsayin mashigin ya kai mita 2,260, yana kan hanyar Marakesh zuwa Warzazat.

Na zaɓi Maroko ne don hannun dama suke tuƙi kamar mu, ga abincin halal, ga masallaci a kusan kowane ƙauye. Biza da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, gama su tun kana gida.

Kada taswira ta ruɗe ka, ɗan'uwa. Tafiyar kusan kilomita 200 ce, amma lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, ba miƙaƙƙiyar hanyar Zariya zuwa Kano ba ce. Ware mata yini guda. Fita bayan asuba, ka cika tanki tun a Marakesh. A gangara kuma saka giya ta biyu, bar inji ya riƙe motar. Ni na yi ta danna birki har ƙaurinsa ya cika motar, dole muka tsaya gefen wani mai shayin na'a-na'a ya huce, maiɗakina na ta salati.

Je a Afrilu ko Oktoba. Da hunturu ƙanƙara kan rufe hanyar. In kana son gandun Tubkal, inda dutse mai mita 4,167 yake, ajiye mota a ƙauyen Imlil ka ɗauki ɗan jagora. Tafi da rigar sanyi mai kauri, wadda ta fi ta hunturun Samaru.