Yadda Za Ka Sama Wa Tsohon Doki Mai Lalura Gidan Zama a Daura

Dokin da ya shekara ashirin, ya gama zamaninsa na Hawan Sallah da Hawan Magajiya, sau da yawa a turke ake mantawa da shi, ko a nufi kasuwar Mai'aduwa da shi. Idan irin wannan ya faɗo hannunka, kada ka fara da cigiyar mai so. Fara da sanin abin da ke damunsa.

Kira likitan dabbobi ya duba haƙora, ido, kofato da numfashi. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius. A auna nauyinsa ko da babu sikeli: a zagaya igiyar awo a ƙirji, inda majanyin sirdi ke bi, a ninka adadin santimita da kansa, a ninka da tsawonsa daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, a raba da 11,880. Abin da ya fito shi ne kilo. Da wannan ake auna maganin tsutsa da abinci.

Idan a rame ka same shi, nan ne masu tausayi ke yin kisa ba su sani ba. Su ga haƙarƙari a waje, su cika masa komi da gero. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ba ya ɗaukar hatsi farat ɗaya, yana iya faɗuwa cikin kwana uku zuwa biyar. Harawa mai kyau kaɗan, kamar rabin kilo duk bayan awa huɗu, a riƙa ƙarawa a hankali har kwana goma. Hatsi sai daga baya. Kuma kada a sauya masa gida sai ya tsaya da ƙafafunsa.

Wanda zai karɓa, je ka ga gidansa da idonka, ba tare da ka sa rana ba. Dubi dabbobin da ke wurin, su za su gaya maka gaskiya. Akwai rumfa? Zafin watan Afrilu da Mayu ba wasa ba ne ga tsohon doki. Akwai ruwa? Yana shan lita 25 zuwa 40 a yini, fiye da haka a bazara. Dokin kilo 300 yana bukatar kilo biyar zuwa shida na ciyawa da harawa kullum, don haka tambaye shi ko yana ajiye harawa tun kaka, ko sai ta yi tsada yake saye. Idan yana da matashin ingarma, turakun su yi nisa, domin cizo da harbi tsohon ne zai kwasa.

Sai lalurar kanta. Wanda ke tauna ciyawa yana zubar da ita a dunƙule, haƙoransa ne suka yi kaifi ko suka zube. A goge su sau ɗaya a shekara, a daddatsa harawa, a jiƙa dusa ta yi laushi, a raba abincin sau uku ko huɗu. Dusa zalla tana raunana ƙashi idan aka daɗe a kai, dole a haɗa da harawa. Mai tari, a yayyafa wa ciyawarsa ruwa, musamman lokacin hunturu, kuma abin da ya yi fumfuna a zubar. Makaho ko mai ido ɗaya, a yi masa magana kafin a taɓa shi, kada a riƙa sauya wurin ruwa da na abinci. Mai ciwon gaɓɓai ba a ɗaure shi wuri ɗaya yini guda: tafiyar minti ashirin da ragama safe da yamma, gyaran kofato duk sati shida zuwa takwas. Kada a zuba masa abinci a ƙasa. Ƙasarmu rairayi ce, yashi na taruwa a hanji ya kawo ciwon ciki. Doki na birgima, yana waiwayen cikinsa, ya ƙi ci, likita ake kira nan take.

Wanda bai tambayi lafiyarsa ba sai nawa zai yi a kasuwa, sallame shi. Ana kwasar tsofaffin dawaki a mota zuwa kudu don yanka, kuma kyauta ita ce hanya mafi sauƙi ta samun su. Shi ya sa ya fi kyau ka bayar a matsayin amana, a rubuce, gaban mai unguwa da shaidu biyu: ba sayarwa, ba hawa idan likita ya hana, yara ba za su yi sukuwa da shi ba, wanda ya gaza ya dawo da shi. A rubuta wa zai biya kuɗin magani.

Ranar tafiya, a fita da sassafe, a haɗa shi da abincin da ya saba na kwana goma, a riƙa gauraya sabon a hankali. A ware shi daga sauran dawaki sati biyu zuwa uku. Bayan wata ɗaya ka koma da igiyar awonka, ka sake auna ƙirjin.